Kafin Ka Hau Motar Agadas

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da gwaggonka Hajiya Mariya da duk mutanen gidanta. Mu nan Matamaye muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a inda kake yini da inda kake kwana.

Gwaggonka ta kira ni. Ta ce ba aikin walda ya kai ka Damagaram ba, kamar yadda ka gaya mana. Ta ce ka sayar da babur ɗinka, ka gama magana da wani mai shigar da mutane Aljeriya ta ɓarauniyar hanya, yanzu jira kake ya cika mota ku wuce Agadas. Na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka ba. Ban ga laifinka ba, ka san abin da zan ce. Ni ma da kana gabana ba zan iya yi maka doguwar magana ba. Sunan mahaifina ka ci, tun kana goye nake jin nauyinka. Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Ka yi haƙuri da rubutun, ka karanta har ƙarshe.

Ba ni da bakin hana ka, don na bi wannan hanya kafin kai. Abin da ka sani game da tafiyata shi ne ɗakuna biyun siminti da ke cikin gidanmu, da kuma cewa na dawo a rame. Abin da ke tsakani ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa zaunar da kai ba.

Tun ina saurayi nake zuwa Kano ci-rani, kamar kowane namiji a unguwarmu. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai in ɗauki cokalin gini in tsallaka ta wajen Daura. Ba mu taɓa jin mun bar ƙasa ba. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, dangi a can dangi a nan. Wata shekara aka matsa da tare motoci a hanya ana tambayar kati, sai wani da muke kwana shago ɗaya ya ce ya san mai yin katin ɗan Najeriya. Na ba da hotona, aka rubuta ni a matsayin mutumin wani ƙauye kusa da Daura, aka ƙara mini wani suna da ba nawa ba. Na ce wa zuciyata ai ba ƙarya ba ce ƙwarai, kakata ta wajen uwa daga can take. Katin ya yi mini aiki, ana dubawa a miƙo mini in wuce. Nawa na Nijar kuwa ya tsufa a aljihu, ya jiƙe da gumi, ya yayyage, ban damu da in sabunta ba.

Babana, kada ka taɓa ɗaukar sunan da ba naka ba, ko garin da ba naku ba, komai sauƙin da zai kawo maka a ranar. Za ka ga inda wannan kati ya kai ni.

Lokacin kana lakwal, wato makarantar boko, damina ta yi mana gardama a jere, naira kuma ta faɗi. Abin da mutum ya sha rana ya tara a Kano, in ya canza shi sefa, ba ya kai gida ko tsakiyar bazara. A lokacin ne aka fara ganin masu dawowa daga Aljeriya suna ɗora kwano a kan ɗakunansu. Na kai garkarmu, wato lambun rakenmu da ke fadama, na jinginar wa wani ɗan kasuwa, na sami kuɗin mota. Garkar nan ita kaɗai mahaifina ya bar mini wadda ke ba da abinci ko da sama ta ƙi. Innarka ta ce, "Malam, in ka jinginar da ita, me za mu taɓa in tafiyar ba ta yi ba?" Na ce mata shekara ɗaya ce, in dawo in fanshe. Na faɗa da ƙarfi don kada ta ƙara magana.

Ba zan ba ka labarin hamada ba, za a ba ka shi a tasha, kuma kowa da irin nasa. Mun dai isa. Na sami aiki a wani gari da ke gaba da Tamanrasat, a wurin ginin wani dogon bene. A cikin ginin muke kwana, a kan kwali, babu ƙofa babu taga. Abin da ake biyan mu bai kai na ɗan ƙasa ba ko kusa, amma in ka kwatanta da na Kano sai ka ga kamar ka tsinci arziki. Wani wata a biya, wani wata shugaban aikin ya ce gobe. In ka matsa masa, sai ya fito da wayarsa ya riƙe a hannu yana kallon ka. Ka san wanda zai kira, shi ma ya san ka sani.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasar da ke kwaɓa siminti tare da mu. Muna kiran shi Shibani, wato tsoho a bakinsu. Ba ya amsa gaisuwarmu, ba ya cin abinci kusa da mu. Wata rana da azahar mun zauna a inuwar bango, na miƙa masa shayi. Bai karɓa ba. Ya dube ni ya yi magana a hankali, yadda zan gane da ɗan Larabcin da na tsinta.

Ya ce, "Ɗana yana gida a zaune. Ya fi ka iya ɗora bulo. Ka san abin da ya sa ba a ɗauke shi ba?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Shi in ba a biya shi ba, yana da inda zai kai ƙara. In ya faɗo daga sama, akwai mai tambaya. Kai babu. Ni ma kafin ku zo ba haka ake biya na ba."

Na ce, "Baba, ni ban zo don in ƙwace aikin ɗanka ba. Yunwa ce ta koro ni."

Ya ce, "Na sani. Mai ginin ma ya sani. Shi ya sa yake son ka."

Na ji haushin maganar, na ɗauke shi a matsayin mai ƙin baƙar fata, na daina gaishe shi. Na yi kuskure a nan. Gaskiya ya faɗa mini, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mini ita tun daga Matamaye har can. Mai kai ka ba zai gaya maka ba, wanda ya dawo da sabon babur ba zai gaya maka ba. Ba don ka fi kowa iya walda za a ɗauke ka ba, Babana. Za a ɗauke ka ne don ana iya cin guminka ba ka da ta cewa. Duk inda aka karɓe ka ba a tambaye ka takarda ba, kada ka ɗauka karamci aka yi maka.

Cikin waɗanda muka tafi tare akwai Habu, mutumin Kurni. Ya girme ka kaɗan a shekarunka na yanzu. Ya bar mata da jaririya da tsohuwar uwa. Yaro ne mai raha, shi ke dafa mana shinkafa, kullum gishiri ya yi yawa muna yi masa tsiya. Wata safiya katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu a kan tulin bulo. Babu jini a jikinsa. Yana magana, har ya yi ƙoƙarin tashi. Shugaban aikin ya zo ya duba, ya ba mu ƙwayoyin ciwon jiki, ya ce mu ɗauke shi daga idon mutane.

Muka kwantar da shi a inda muke kwana. Ya ce, "Yaya Ilya, cikina ne. Kamar an zuba mini ruwan zafi."

Wani ya ce a kai shi asibiti. Wani ya ce an ce duk wanda ya shiga asibiti ba takarda, daga gado sai motar kamu, har da waɗanda suka kawo shi. Duk suka juyo suna kallo na, don ni ne babba. Na tuna garkar da ke hannun mutane, na tuna albashin da ba a biya mu ba tukuna. Na ce mu jira zuwa yamma mu gani. Da yamma ta yi na ce mu jira safe.

Da safe Shibani ya zo aiki bai ga Habu ba, ya shigo inda muke. Ya durƙusa ya taɓa cikinsa, ya ga ya kumbura ya yi tauri. Ya ɗago ya ce mini, "Tun jiya? Likita ba ya tambayar kati kafin ya tsayar da jini." Ya fita da gudu neman mota, dattijo mai furfura. Kafin ya dawo Habu ya cika.

Shibanin nan da na daina gaisarwa, shi ya je ya roƙi limamin unguwarsu, shi ya kawo likkafani daga gidansa, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. A gefen maƙabarta aka sa shi. Ba a rubuta komai ba, don babu takardar da za ta nuna an taɓa yin wani Habu a garin.

Ban sani ba ko asibiti zai cece shi, rai na Allah ne. Amma na san tsoro ne ya yi magana da bakina ranar nan. Rashin takarda haka yake, yana shiga har cikin tunanin mutum, ya sa ka auna ran ɗan'uwanka da kamu. In Allah ya ƙaddara kana wuri irin wannan, kai ne a kwance ko wani ne, a tafi asibiti a take. Kamu ana dawowa daga gare shi.

Da na dawo gida na je Kurni na yi musu gaisuwa. Matarsa ta riga ta yi takaba a kan maganar da muka aiko ta waya. Uwarsa kuwa ta sa aka kira ni cikin ɗakinta, ta ce, "Kai ka gan shi da idonka?" Na ce na gan shi, Inna, da hannuna na yi masa wanka. Sai ta ce, "To ai an ce wani lokaci ana kama su a rufe, a ce sun mutu." Duk lokacin da na je Kurni sai ta sake tambaya ta, da kalmomin nan dai, har Allah ya ɗauki ranta.

Ba a daɗe da rasuwar Habu ba aka zo kamu. Da rana tsaka aka kewaye ginin, aka kwashe mu da ƙurar siminti a jikinmu. Albashin da muke bi ya tafi ke nan. Abin da ke aljihuna kawai shi ne katin nan na Kano, wanda na riƙe don an ce kowane kati ya fi babu. Aka yi ta tafiya da mu kudu. Kusa da iyaka aka tsaya aka raba mutane. 'Yan Nijar aka ware su gefe, za a zuba su a manyan motoci a kai su har Agadas. Sauran ƙasashe kuwa za a sauke su a rairayi, a nuna musu hanya da hannu.

Na shiga layin 'yan Nijar. Mai dubawa ya karɓi katina, ya nuna mini ɗaya layin.

Na ce, "Ni ɗan Nijar ne. Matamaye, jihar Damagaram."

Ya ɗaga katin kusa da fuskata ya ce, "Wannan ba kai ba ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "To."

Ina kallo mutanen Kance da Icirnawa, waɗanda na san iyayensu, suka hau mota. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta ɗaga murya yana cewa namu ne, ba wanda ya saurare shi. Ni na taka da ƙafa tare da mutanen Gini da Mali da wasu da ban san ƙasarsu ba, rana na dukan mu, takalmina ɗaya ya tsinke na yar. Ba duk waɗanda muka tashi tare muka isa tare ba. Da na hango tutar ƙasarmu a garin farko na bakin iyaka, na zauna a ƙasa na yi kuka, na ce wahala ta ƙare. Sai ga shi a sansanin da aka tara mu ma an rubuta ni cikin waɗanda za a mayar Najeriya. A cikin ƙasata nake bin layin baƙi ina karɓar abinci. Na daɗe a wurin, sai da wani jandarma mutumin wajenmu ya ji maganata, ya yi mini tambayoyi kan garuruwa da unguwanni, sannan aka aika gida mai gari ya ba da shaida.

Kafin in iso, wa'adin jingina ya wuce. Ɗan kasuwar nan ya haƙa rijiya a garkar, ya sa injin ban ruwa. Bai zalunce ni ba, abin da muka yi magana a gaban shaidu ya bi. Kuɗin da na aiko a watannin farko su ne ɗakunan nan biyu. Na musanya ƙasa mai ba da abinci da bango, shi ya sa yau ba ni da inda zan nuna maka in ce ga naka, zauna ka noma.

Ka sha jin gardamar da ake yi a teburin mai shayi na bakin tasha. Alhaji mai shagon siminti yana cewa in ba don masu zuwa Aljeriya ba, da rabin garin nan ya watse, su ke sayen hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, su ke biyan magani. Mushe, wato malamin makaranta mai ritaya, yana cewa a je a duba azuzuwa, yara sun bi iyayensu mata sun tafi, gonaki sun koma hannun mutum biyu uku masu kuɗi. Ana juyowa a ce, "Ilya, kai ka je, me ka ce?" Sai in ci gaba da shan shayina, don duka biyun gaskiya suke faɗa. Tafiyar tana ciyar da gida, tana kuma cinye shi, kuma ba ka sanin wanne ya fi yawa sai bayan shekaru.

Akwai abin da ya ba ni kunya kwanan baya. Wani ya ba ni aikin bene a bakin kasuwa, da aka zo shimfiɗa tayil sai ya kawo samari daga ƙasar Benin, don sun fi araha kuma a cikin ginin suke kwana. Na tsaya a gaban mutane ina faɗa, ina cewa baƙi sun zo sun karya mana farashi, 'ya'yanmu na zaune babu aiki. Ina cikin faɗan ɗaya daga cikin samarin ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Na san wannan sunkuyawar, na yi ta shekara da shekaru. Na kasa ƙarasa maganar. Duk inda ka je za ka tarar da mai jin haushinka kamar yadda na ji nasu. Kada ka ƙi shi, yana da tasa yunwar. Abin da kawai zai sa ku tsaya daidai a gaban mai aiki shi ne kai ma a san da zamanka a ƙasar.

Saura abin da ya shafe ka kai tsaye, kuma shi ya fi yi mini nauyi. An haife ka ina Kano. Da na dawo Innarka ta ce in je ma'aikatar magajin gari a rubuta haihuwarka. Na ce sai an gama shuka. Da aka gama shuka na ce sai an gama noma. Daga nan rani ya yi na koma Kano. A ganina takarda ba ta ƙara wa yaro komai, kowa a unguwa ya san ɗan wane ne. Da ka kai ajin ƙarshe, mushenku ya yi ta aikowa a kawo takardar haihuwa don a sa sunanka a jarrabawa. Ina Aljeriya. Innarka ta je, aka ce lokaci ya wuce, sai an bi ta wajen alƙali, ita kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta gaya mini ranar jarrabawar ka sa rigarka ta lakwal ka fita kamar kowa, ka je fadama ka yini, ka dawo ba ka ci abinci ba. Daga ranar ba ka koma aji ba, kuma ba ka taɓa yi mini maganar ba. Da ka yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na san wannan yana cikin abin da ya sa ka zaɓi ɓarauniyar hanya. Wanda ba shi da takardar haihuwa ba shi da katin ɗan ƙasa, wanda ba shi da kati ba shi da fasfo. Ni na rufe maka ƙofar, ba gwamnati ba. Za ka fita daga ƙasar da ba ta rubuta sunanka ba, ka shiga wadda ba ta san ka ba. Ko ni da na sha wuya, akwai wurin da aka taɓa rubuta ni.

Na je kotu na tambaya. Sun ce abin yana gyaruwa. Ana son kai da kanka, da ni, da shaidu biyu da suka san haihuwarka. Mai unguwa ya ce zai tsaya. Iya Tabawa, ungozomar da ta yanke maka cibi, tana nan da ranta da hankalinta, ta ce a ɗauke ta a amalanke ma za ta je. Amma ta tsufa ƙwarai, ƙafafunta sun kumbura, ba na jin za ta ga wata damina. Abin da nake roƙon ka ke nan: ka dawo a yi wannan. Ka karɓi katinka, ka nemi fasfo. Bayan nan in zuciyarka tana kan tafiya, ka tafi inda za a buga maka hatimi a bakin iyaka da sunanka na gaskiya. Ba zan riƙe ka ba, ni zan raka ka tasha. Na san mai motar zai ce kuɗin da ka ba shi ba ya dawowa. Ka bar masa. Babur ana sake saye.

In kuma ka karanta duk wannan ka ga ba za ka iya jira ba, to ka ji waɗannan. Ka haddace lambar wayata a kanka, don waya ita ake fara ƙwacewa. Duk wanda za ka kwana kusa da shi, ka gaya masa cikakken sunanka da nawa da unguwarmu, kai ma ka riƙe nasa. Kada ka bar albashinka ya taru a hannun mai aiki. Kada ka yar da sallah ko da taimama ce. In an zo kamu kada ka gudu ta saman gini, ka tsaya a kama ka.

Innarka ba ta san na rubuta wannan ba. Ita dai ta san kana Damagaram kana neman aikin walda, jiya ma tana cewa in an sami mai zuwa za ta aika maka da ƙuli-ƙuli da yaji. Ban gyara mata ba. In ka wuce, ni zan shiga ɗaki in gaya mata, kuma har yanzu ban san da wane baki ba.

Allah ya yi maka albarka, Babana. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa, ya hana ƙishirwa da hannun azzalumi isa gare ka. Ya sa ƙasar da za ta rufe ka ta zama wadda aka san sunanka a cikinta, bayan tsawon rai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ilya Magini
Matamaye